Dogon Harsashin Surukina

Surukina mai gyaran sikeli ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a shago ɗaya, tsakanin mai facin taya da mai sayar da fenti, kuma ban taɓa jin ya yarda da nauyin wani abu ba sai ya ɗora shi a ma'auni da hannunsa. Ranar da aka haifi matata, nas ta ce kilo uku ce cif. Ya karɓi jaririyar, ya jinjina ta sau biyu, ya ce sikelinsu ya ci giram ɗari biyu. Washegari ya koma da sukudireba a aljihu, ba tare da kowa ya kira shi ba.

Shagon ɗan tsukuku ne. Sikelin mahauta na rataye a rufi, na masu hatsi na jingine a bango, ga na maƙeran zinariya a cikin akwatin gilashi, wanda ko numfashi mai ƙarfi ba ya yarda a yi a kusa da shi. Duwatsun awo na tagulla suna jere a kan katako, daga babba har wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. A nan yake wuni daga Litinin zuwa Juma'a, tabarau a kan hanci, ba hira, ba dariya. Unguwa duka Mai Sikeli take ce masa. Ni Baba nake cewa, kuma har yau in zan faɗa sai na ɗan rage murya.

Ran Asabar kuwa sai ka rantse an canza shi. Yana cikin wata ƙungiyar maharba, tsofaffi goma sha ɗaya da a-kori-kura guda mai tarin fuka. Da sassafe motar take zuwa ƙofar gidansa, ya fito da bindiga a saɓe da fulas ɗin shayi a hannu, ya shiga gaba, gefen taga. Shekara ashirin da shida yana zama a wannan kujera, har soson ya lotsa daidai jikinsa. Tun da Mama, matarsa, ta rasu, Asabar ce kaɗai ranar da ake jin dariyarsa, ita ce kuma ranar da yake cin abinci har ya nemi ƙari. Matata takan ce babansu kwana shida yake yi yana jiran kwana ɗaya.

Sai wata rana ana sauke wani ƙaton sikelin buhu daga mota, ya suɓuce ya sauka a kafaɗarsa ta dama. Aka ɗora, ta warke, amma likita ya ce shi da babbar bindiga sai dai kallo, domin in ta tokare shi sau ɗaya kafaɗar za ta koma gidan jiya. Ƙungiya kuwa tana da tsohuwar doka: fitar Asabar ta manyan dabbobi ce, barewa da gwanki, ba a shiga mota da ƙaramar bindiga. Ƙaramar bindiga ta zomo ce da zabo, mai ita ya je bayan gari da ƙafarsa.

Wani da sai ya haƙura. Baba ya rufe shago kwana uku, ya fito da ilimi. Ya sayi wata ƙaramar bindiga a hannun wani tsohon ma'aikacin gandun daji, ya yi mata takardu, bakinta bai fi kaurin fensir ba. Ya tara ƙungiya a ƙarƙashin rumfar mai facin taya.

"Duk an yaudare ku da faɗin baki," in ji shi. "Ba faɗi ke kayar da dabba ba, nauyi ne. Allura da taɓarya, wacce ke shiga jiki?"

"Allura," in ji Shugaba, wani tsohon direban tirela, mutumin kirki mai saurin yarda.

"To ku ba allura nauyin taɓarya ku gani."

Babu wanda ya ambaci kafaɗa. Kowa ya sani, shi ma ya san sun sani, amma aka tafi a kan cewa bincike ne ya raba shi da babbar bindiga. A zaman nan aka gyara doka: ƙaramar bindiga za ta iya shiga mota muddin harsashinta ya kai giram biyar. Na kanti giram uku da rabi ne. Baba ne ya tsara kalmomin dokar da kansa, shi ne kuma aka naɗa mai auna harsashi, tun da ba wanda ke da sikelin.

Daga nan ya shiga haɗa nasa. Mai facin taya yana tara masa gutsattsarin dalmar da ake maƙala wa ƙafar mota, shi kuma ya narka a gwangwanin madara a bayan shago. Tun da bakin bindiga ba ya ƙara faɗi, duk nauyin da ya ƙara sai ya tafi a tsawo. Harsasan suka fito sirara, dogaye, kamar guntayen fensir ɗin 'yan aji ɗaya. Kowanne sai ya hau sikelin zinariya, wanda ya gaza ko da ƙwayar gero ya koma wuta.

A nan ni na shigo. Lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, ina kuma neman autarsa, kuma wata biyar ina gaishe shi yana amsawa da hanci. Na ji labarin duk Juma'a da yamma yakan je wani tsohon ramin fasa dutse a bayan gari ya gwada harsasansa. Na ce zan raka shi in riƙe masa jaka. Ban san komai game da bindiga ba, amma na san ina son 'yarsa.

Ya kafa katako a taki ɗari, ya manna farar takarda mai da'ira a tsakiya, ya dawo ya kwanta rub da ciki a kan buhu. Ya daɗe yana saiti. Ya harba sau uku. Kafin ya yunƙura ya tashi, neman suna ya sa na ce, "Baba, ka zauna, bari in ɗauko."

Na ruga. Na isa gaban katako na duba takarda, fara fat. Na duba katakon, lafiyarsa ƙalau. Na duba ƙasa, na duba dutsen da ke baya, har sama na duba. Na waiwaya, ga tsoho can nesa a zaune a kan buhu, ya ɗora hannu a goshi yana jira, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ni kuma ga jan biro a aljihun gaba, wanda nake duba jarrabawar yara da shi. Na juya masa baya, na soka wa takardar biro sau uku, kusa da juna, a cikin da'ira.

Allah ya sa kan biron da bakin bindigar kusan kaurinsu ɗaya. Baba ya karɓi takardar da hannu biyu. Ya fito da ɗan ƙarfen awo ya gwada tazarar ramukan. Sai ya matso da ita dab da tabarau, gabana ya faɗi, domin kowane rami da ɗan jan tawada a bakinsa.

"Malam, ka ga jan nan?"

"Na gani, Baba."

"Zafi ne. In nauyi da gudu suka haɗu, takarda ma sai ta yi jini." Ya ninke ta a hankali ya sa a aljihu. Sannan ya dube ni sama da ƙasa, karo na farko tun da muka san juna. "Kana da gudu. Gidanku ina ne ma?"

Bayan wata huɗu aka ɗaura mana aure.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe aiki na samu. Duk Juma'a sai na je, domin Baba ya ce hannuna na da sa'a, har akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ni ya ɗaga gwajin gaba ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya na ƙware. Na gane in ramuka suka cika kyau zai yi zargi, sai nake jefa ɗaya can gefe lokaci-lokaci. Wannan ma kuskure ne, domin duk ranar da ya ga rami a gefe sai ya ce iska ce ta ture harsashin saboda bai yi nauyi ba, ya koma ya ƙara dalma. Makon da ya biyo baya ni kuma tausayi ya sa in mayar da ramin tsakiya, shi kuma ya ce ka gani. Haka muka riƙa yi, ni da biro shi da gwangwani, har harsashi ya haura giram shida. Takardun kuwa yana adana su a wata durowa, kowacce da kwanan wata da nauyi a rubuce.

Za ka ce to a daji fa, inda ba takarda? A daji ma ya tanadi amsa. Na bi su sau da yawa ina zaune a baya tare da tulun ruwa, da kunnena na ji. Baba zai hango gwanki, ya durƙusa, ya yi saiti, ya harba. Gwanki ya ɗaga kai, ya duba hagu, ya duba dama, ya ci gaba da kiwo.

"Mai Sikeli, ka same shi kuwa?" in ji Shugaba.

"Na same shi."

"To ga shi can yana cin ciyawa."

"Bai sani ba ne tukuna. Harsashin siriri ne, ya shiga ya fita ba hayaniya. Sai ya je gida zai gane."

A lissafin Baba, barewa goma sha tara da gwanki huɗu ne suka mutu a gida. Akwai wani gwanki mai karyayyen ƙaho da ya kashe sau uku a shekara biyu. Da aka yi masa magana ya ce 'yan gida ɗaya ne, karayar ƙaho gado ce a wasu dangin. Tsofaffin nan sukan kau da kai su yi tari. Ba sa son rasa shi. Shayinsa ya fi na kowa, kuma in an kayar da dabba shi kaɗai aka yarda ya raba nama, domin ranar da ba ya nan aka raba har aka yi wata guda wasu ba sa gaisawa.

A shekara ta biyu wani abu ya faru da ya kamata ya kawo ƙarshen wasan. Na je ɗauko takarda na tarar da rami na gaske, can ƙasa a kusurwa. Sai dai ba zagayayye ba ne. Dogo ne, a kwance, kamar ramin makulli, bakinsa da toka-tokar dalma. Na cusa takardar a wando, na fito da wata daga jaka, domin a lokacin har takardun ko-ta-kwana nake yawo da su. Washegari na kai wa wani mai gyaran bindiga a bayan tasha, na ce ta wani abokina ce.

Ya duba sau ɗaya ya yi dariya. "Abokin nan naka dogon harsashi yake sa wa tsohuwar bindiga, ko?"

"Haka nake zato."

"Ka ga cikin bututun bindiga akwai zare, kamar na noti. Shi ke murza harsashi ya tafi da kansa a gaba. Gajere murzawa kaɗan ta ishe shi. Dogo kuwa sai an murza shi da sauri sosai, in ba haka ba yana fita zai fara alkafura. Inda ya ga dama nan zai je. Wannan da kake gani a kwance ya iso, kuma sa'a ce ma da ya iso."

"To tunanin nasa banza ne ke nan?"

"Wa ya ce? Tunaninsa daidai ne. Mai nauyi ya fi shiga jiki, iska ma ba ta cika ture shi ba. Bututun ne ba nasa ba. Ya kawo in sa a kawo masa mai matsattsen zare in ɗaura. Wata biyu an gama."

Wata biyu. Na fito ina murna, na yi taki goma, murnar ta tsaya. In na ce wa Baba ya canza bututu, zai ce don me, alhali ga durowa cike da shaida. In na ce shaidar ƙarya ce, zai ce wa ya yi. Na ce bari matata ta haihu tukuna, kada a tayar da hankali. Ta haihu. Na ce bari a yaye yaron. Aka yaye. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayinsa nake ji, amma yau ba zan yi wa kaina kwalliya ba: tsoro ne. Ina tsoron ranar da zai dube ni ta saman tabarau kamar sikelin da aka kawo masa an cusa masa maganaɗisu a ƙasa.

A shekara ta bakwai asiri ya fara warwarewa ta inda ban zata ba. Baba ya harbi wata barewa da ke gabas, sai lagireton motar ƙungiya, wadda ke ajiye a arewa, ya fara fitsari. Tsofaffi goma sha ɗaya da ni muka tura a-kori-kura har bakin titi, rana tsaka. Baba ya ce tsatsa ce. Amma a shekarar an yi sabon Sakatare, wani safiyo mai auna filaye da ya yi ritaya, wanda ke yawo da tef ɗin awo a ƙugu kuma ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Ya tsuguna ya auna ramin lagireton, ya rubuta a littafi.

A taron da ya biyo baya ya kawo shawara. Kowane ɗan ƙungiya zai yi gwaji: harbi uku, taki ɗari, aƙalla biyu su shiga da'ira mai faɗin faranti. Wanda ya kasa ya bar wa wani gurbinsa a mota. Ya ce kowa da kowa, don kada a ce da wani yake, amma duk rumfar ba wanda ya iya duban inda Baba yake. Shugaba ya fara kame-kame yana neman hanyar kashe maganar. Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Na goyi baya. An daɗe ana ɗaukar makafi a motar nan."

Aka sa mako biyu.

Abin da na yi a makonnin nan ba abin alfahari ba ne. Na fara zuwa wurin Sakatare na ce don girmansu ni zan riƙa ɗauko takardu, tun da na saba. Ya ce ya gode, shi zai ɗauko, kuma kowace takarda zai buga mata hatimi ya sa hannu. Na koma wurin mai gyaran bindiga na ce ko za a iya a kwana goma. Ya ce wata biyu ya gaya mini shekara biyar da suka wuce, yanzu ma wata biyu ne, abokin nawa bai mutu ba ashe. Daga nan na je shago na ce, "Baba, da za ka gwada na kanti ranar nan, don dai a fita haƙƙin doka."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Giram uku da rabi? Ni na rubuta dokar da ta hana shi shiga mota, Malam. So kake in ci jarrabawa da harsashin zabo?"

A ƙarshe na gaya wa matata. Tana yanka albasa na fara, ta ajiye wuƙa ta zauna a kan turmi, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Jan biro? Wato da jan biro ka aure ni?" Ta sake fashewa. Can sai dariyar ta yanke kamar an kashe famfo. Ta ce, "Za su karɓe masa kujerar."

"Na sani."

"Kai za ka gaya masa. Ni ba ruwana, ban soki takardar kowa ba."

Sau uku ina zuwa shagon da niyya. Na farko na tarar da mai kifi yana jayayya a kan sikelinsa. Na biyu na gaishe shi, na tambayi kafaɗa, na tambayi kasuwa, na sake tambayar kafaɗa, na tafi. Na uku, ranar jajibirin gwajin, na shiga na ce, "Baba, akwai magana." Ya ce in dakata. Ya buɗe wani ɗan akwatin ashana, ya warware auduga, ya nuna mini harsasai uku masu sheƙi, dogaye fiye da duk waɗanda ya taɓa yi.

"Giram bakwai," ya ce da raɗa. "Ba don kai ba da ban kai nan ba. Kowa dariya yake yi a ɓoye, na sani. Kai kaɗai ka tsaya ka ga abin da idonka." Ya rufe akwatin. "Mece ce maganar?"

Na ce ƙaramin yaronmu ne ya fara haƙori.

Ranar gwaji aka hallara a ramin fasa dutse. Sakatare ya auna taki ɗari da tef, ya ja layi da farar ƙasa. Tsofaffi suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyi na ƙara. Kowa ya samu biyu ko uku, har da wani mai rawar hannu da ake ce wa Girgiza. Baba ya nemi a bar shi ƙarshe. Ya sa sabuwar riga. Kafin ya kwanta sai da ya fito da sikelin zinariya ya auna harsasan a gaban kowa, Sakatare ya rubuta.

Na farko ya tashi, ba wanda ya san inda ya nufa, har yau ba a gan shi ba. Na biyu ya yi wani irin kuka a iska, fyuuu, sai murfin fulas ɗin Shugaba, wanda ke ajiye a kan dutse can hannun hagu, ya yi tsalle ya bar fulas ɗin. Shugaba ya dubi fulas, ya dubi sama, ya ce, "Kai, tsuntsayen nan." Ba wanda ya yi tari. Baba bai ma lura ba, idonsa na kan saiti. Ya harba na uku, ya tashi zaune, ya kakkaɓe riga yana murmushi.

Sakatare ya tafi. Taki ɗari zuwa, taki ɗari dawowa, kuma mutumin nan ba ya sauri.  Ya iso ya miƙa wa Baba takardar.

Rami ɗaya ne, a can gefen sama, wajen da'ira. Dogo, a kwance.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya shafa bakin ramin da yatsa, ya duba yatsan: toka-toka. Ya laluba aljihu ya fito da wani harsashi da ya rage masa na makon jiya, ya kwantar da shi a kan ramin. Ya zauna daram, kai da gindi. Mutum ne da ya yi shekara arba'in yana gano inda ƙarya take ɓuya a cikin ƙarfe, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya ɗago kai a hankali. Bai dubi fuskata ba. Aljihun rigata ya duba, inda saboda tsabar sabo na maƙalo abin da nake maƙalowa kullum.

"Iska ce," in ji Shugaba da sauri. "Wallahi na ji iska. A sake masa."

"Babu iska," in ji Baba.

"To a bar shi a matsayin mai rabon nama, ba sai ya riƙe bindiga ba. Sakatare, ai doka ba ta hana ba?"

Sakatare ya buɗe baki, ina jin a karon farko a rayuwarsa zai sassauta, amma Baba ya riga shi.

"Ban taɓa danna wa kowa sikeli da yatsa ba. Ba za a danna mini ba." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Ku ba Girgiza gaba, bayansa na ciwo."

Da za a koma, ya hau bayan mota ya zauna a kan tayar safaya, bindiga a tsakanin gwiwoyi. Na zauna nesa da shi iyakar yadda bayan a-kori-kura zai bari. 

Ran Litinin bayan an tashi makaranta na je shago, domin matata ta ce in ban je ba kada in dawo. Na tarar ya fito da durowar gaba ɗaya ya ɗora a kan tebur. Takardun shekara shida, an jera su bisa kwanan wata. A gefe ga sabon jan biro da ya aika aka sayo, ga wata farar takarda da ya yi ta sokawa yana gwadawa. Na durƙusa a bakin ƙofa. Na faɗi komai, tun daga ranar farko, ban rage ba. Yana saurare yana daidaita gefen takardun da tafin hannu.

"Wato ko ɗaya," ya ce.

"Ko ɗaya, Baba."

"Dabbobin nan duk suna raye."

"Ina jin haka."

Ya ɗan yi wani sauti ta hanci, na kasa gane dariya ce ko wani abu. "To, madalla. Na sha kwana ina tunanin 'ya'yansu."

Sai na yi abin da na ɗauka zai zama magani. Na ce ai tunaninsa daidai ne, mai gyaran bindiga ma ya faɗa, nauyi na aiki, bututun ne kawai bai dace ba. Na yi masa bayanin zare da murzawa da alkafura, ina ta zuba kamar ina gaban aji. Na ga idonsa ya yi haske, ya miƙe zaune, har ya jawo fensir.

"Zaren ne! To ai gyara ne wannan. Kwana nawa yake ɗauka?"

"Wata biyu, Baba."

"Wata biyu kacal." Ya fara rubutu, sai ya tsaya. "Yaushe ya gaya maka?"

Da ƙasa za ta tsage da na shiga. Na ce, "Shekara biyar ke nan."

Ya ajiye fensir. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, kuma ban taɓa ganin fuskarsa babu su ba sai ranar. Idanun sun yi fari-fari a gefe, sun ƙanƙance.

"Shekara biyar da suka wuce ina hango kunnen barewa a taki ɗari biyu," ya ce. "Shekaranjiya, Malam, takardar ma ban gan ta ba. Inda Sakatare ya tsaya na lura, na saita wurin." Ya goge tabarau da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Da ka kawo mini takardar fara a ranar farko, da kunyar kwana ɗaya zan ji. Kuma da na ba ka 'yata duk da haka. Yarinyar ta riga ta gaya wa yayarta kai take so, ni jan aji kawai nake yi."

 Wata mata ta leƙo da sikelin tumatir a ka, ya mayar da tabarau ya ce ta shigo, ni kuma na matsa na ba ta hanya.

Bai sake ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Yana zuwa gidanmu, yana wasa da jikokinsa, yana amsa gaisuwata da baki. Tun daga makon nan yake buɗe shago ran Asabar.